Kifin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Ranar Litinin da safe aka tashi babu keken marigayi Lowie Bauwens. Ba ma cikakken keke ba ne, firam ne tsura, ba taya, ba sirdi, ba kaca. Amma a Hulsrode wannan ƙarfen ya fi ƙararrawar coci daraja, don a kansa Lowie ya ci babban tseren lardi shekara hamsin da suka wuce, kuma tun daga ranar garin bai sake cin komai ba sai dankali.

Wata uku ke nan da matarsa Godelieve ta sauke shi daga bangon falonta, duk tsatsa ta kama shi, ta kai wa Nunzia Carlucci ta gyara kafin bikin gari. Nunzia 'yar Salvo ce, wani Ba'italiye da ya zo haƙar kwal. A garin aka haife ta, a garin ta yi furfura, amma har gobe 'yar baƙi ake ce mata. Ta kankare tsohon fenti, ta bi tsatsar da samfefa lungu-lungu, ta rataye firam ɗin a ƙugiya. Lahadi da rana ta kulle shago ta tafi mashayar Marleen kallon tsere a talabijin kamar kowa. Litinin ta buɗe, ƙugiya kaɗai ta tarar.

Kafin ƙarfe goma gari ya gama yanke hukunci. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a ɓalle taga ba. Kuma wa bai san yadda masu tara tsofaffin kekuna suke farautar irin wannan ba?

A lokacin ne Staf Moerman ya iso, yana dogara sandarsa. Shekararsa tamanin da uku, haƙoransa shida, kuma ba ya kunyar ko ɗaya. Hunturu biyu kacal ya yi a makaranta ya ga malamin ba shi da abin koya masa. Ramin kwal ya rufta da shi, ya kwana uku a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da ƙafarsa yana tambayar taba. Shekara arba'in yana bin sawun zomaye a dajin da aka hana farauta, masu gadi bakwai suka yi ritaya ba wanda ya taɓa kama ko hularsa. Kuma shi ne makanikin Lowie tun daga tseren farko har na ƙarshe. Takarda ce kawai ba ya karantawa. Ƙasa kuwa, in ƙwaro ya bi ta kanta, Staf zai faɗa maka ko a ƙoshe yake.

Ya tsaya gaban shagon, ya nuna jan fentin da aka zabga a ƙofa. "Me aka rubuta nan?"

Nunzia ba ta ɗaga kai ba. "Ɓarauniya, Baba Staf."

Staf ya juya ga taron. Jijiyar wuyansa ta miƙe. "Wane ɗan iskan ne ya iya rubutu haka da sassafe? Ya fito in gan shi! Lokacin da nake ƙarƙashin ƙasa, uban yarinyar nan ne ya tono ni da faratansa. Iyayenku suna sama suna shan gahawa suna auna min akwati!"

Wannes Thoelen ya matso. Shi ne mai babban shagon kekuna na bakin kasuwa, shi ne kuma shugaban ƙungiyar 'yan keke, wadda ginin shagon Nunzia nata ne. Sunan ubansa, marigayi Miel Thoelen maƙerin firam, shi ne a jikin keken Lowie da manyan haruffa tun ranar nasara.

"Staf, ba da kai ake ba," in ji Wannes. "Aikin hannun mahaifina ne ya ɓata. Laraba da yamma ƙungiya za ta zauna. In ba a gan shi ba, ta ajiye mana makulli, sauran kuma na 'yan sanda ne."

"Laraba? Ni da na gano tantabarar fadan coci a cikin hazo? Ka tanadi kujeru."

*

Bayan shagon akwai wata 'yar hanya ta laka, kuma an yi ruwa ranar Asabar. Abu na farko da Staf ya gani sawun tayar a-kori-kura ne, tayar baya ta hagu ta suɗe. Mota ɗaya ce a garin mai wannan tayar. Ya nufi filin Pol Driesen mai sayen tsohon ƙarfe.

"Pol! Fito, ɓeran juji!"

Pol ya fito yana jan ƙafarsa ta hagu, da soyayyen dankali a takarda. "Tsohon ɓarawon zomo, ba ka mutu ba?"

"Sai na binne ka. Me motarka ta je yi bayan shagon Nunzia?"

"Tsohon injin wanki ta ajiye min. Ga shi can, je ka tambaye shi."

"Ranar tsere? Kowa na gaban talabijin kai kana yawo?"

"Ni ina ruwana da ƙarti masu matsattsen wando? Ranar ce ma hanya take zama tawa."

Staf ya bi tarin ƙarafan nan yana tona su da sanda, yana zagi, har tsatsa ta ɓata masa wando. Bai sami komai ba. Da ya juyo ya ga Pol yana tafiya, ƙafa ɗaya tana shara a ƙasa, sai ya yi tsaki. Haushin kansa ya kama shi. A lakar nan akwai sawun takalmi a gefen na taya, kuma mai shi ba ya jan ƙafa. Fushi ne ya sa shi gaggawa kamar ɗan koyo. Wannan bai faɗa wa kowa ba.

*

Makullin shagon na biyu yana rataye a ƙusa bayan kantar Marleen, don na ƙungiya ne. Staf ya same shi a wurinsa.

"Wa ya fita ana tsere?"

Marleen ta ci gaba da goge kofunan giya. "Staf, mutum sittin, giya tun sha biyun rana. Wa bai fita ba? Layi ake yi a bayan gida."

"Wa ya daɗe?"

"Ana hawan tudu na ƙarshe kake so in kalli ƙofa? Ko gobara aka yi ba wanda zai waiga."

A kusurwa Godelieve tana zaune da baƙar jakarta a cinya. Ta ɗago ido. "Kai ka ce in kai wa Nunzia keken. Ka ce hannunta ya fi na kowa."

"Har yanzu na ce."

"Shekara hamsin yana bangona ba abin da ya same shi. Shi kaɗai ya rage min da nake gaisarwa da safe. In bai dawo ba, Staf, kada ka zo jana'izata."

"Wa ya ce miki za ki riga ni? Kowa haka yake cewa, kuma duk na raka su."

*

Ya koma kan lakar, wannan karon a tsanake. Mai sawun mutum ne mai jiki, takalmi babba. Ya shiga ta ƙofar baya da taku ƙanana, na mai waige-waige. Ya fito da taku manya, na mai fushi, ƙafar dama ta fi nutsewa. Da ya kai kwalbatin bayan gidaje bai zagaya ta gada ba, tsalle ɗaya ya yi ya dira a kan yatsu. Haka 'yan tseren laka suke yi in sun saɓa keke a kafaɗa. Sai dai a Hulsrode rabin mazan sun yi tseren laka a ƙuruciya.

Sawun ya bi gefen gonar gwoza, ya ratsa ciyawa inda wani zai ce ya ɓace. Staf bai ce ba. Ya bi karyayyun kara da lakar da ta manne a ganye, har gindin baƙin tsibin da aka bari tun zamanin haƙar kwal, inda ruwa ya taru ya zama kududdufi. Nan sawun ya tsaya, dugadugai biyu sun nutse wuri ɗaya. Mutumin ya yi jifa.

Staf ya shiga ruwan har gwiwa, sanyi yana cin ƙashinsa, yana laluben ciyayi da ƙugiyar sandarsa. A karo na biyar ta kamo ƙarfe.

Ya zauna a bakin ruwa ya share lakar da hannun riga. Bututun duk lafiya. Amma a gindin feda, kofin boris na dama, wato murfin da ake murɗawa ya riƙe boris, ya sha wuya. Sifana ta zame a kansa sau da yawa, ta cinye gefen, kuma kowane tabo gefe ɗaya ya kwanta. Wani ya yi ta murɗa shi dama da ƙarfin tsiya, irin ƙarfin da sai an zura wa sifana bututu.

Sai idonsa ya sauka a mahaɗar da ke ƙarƙashin sirdi. Wani ɗan kifi, bai kai tsawon farce ba, an sassaƙa shi a jikin ƙarfen. Shekara hamsin yana kwance ƙarƙashin fenti.

Staf ya san kifin nan. Ya yi wa Lowie rantsuwa cewa ba zai taɓa maganarsa ba, sau biyu ma, na biyun a gadon asibiti.

*

Ya kai firam ɗin shagon Nunzia a cikin buhu ta ƙofar baya. Ta rungume shi kamar jariri, sannan ta ga kofin, ta dafe baki.

"Mako biyu ina ɗiga masa mai don ya saki a hankali! Wane mugu ne wannan?"

"Wanda ya iya aiki," in ji Staf. "Faɗa min, 'yar Salvo, ke ina za ki juya shi?"

Ta ce, "Hagu."

"Don me? Kekunan ƙasar nan duka, kofin dama murɗinsa a juye yake, dama ake murɗa shi ya kwance. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana a garin nan ya san wannan."

"Baba Staf, ka fi ni sani. Ba na ƙasar nan ba ne. Ranar farko da na auna gindin na gane. Ƙirar Italiya ce, kuma nasu hagu yake kwancewa kamar murfin kwalba. Da na kankare fenti kuma na ga kifin. Miel Thoelen bai taɓa sassaƙa kifi ba."

"Kin faɗa wa wani?"

"In faɗa wa wa? Ni 'yar baƙi in ce abin alfaharin gari daga ƙasar ubana ya fito? Da sun ƙone shagon."

"Wa ya ga kifin?"

"Rabin gari ya leƙo kallo." Ta riƙo hannunsa. "An samu, shi ke nan. Mu ce a kududdufi aka gan shi. Ka bar maganar."

Staf ya fizge hannunsa. "Su ce tsoro kika ji kika jefar? Rubutun nan ya zauna a ƙofarki har ki mutu? Lowie yana kabari, ba abin da zai ci shi. Ke kina raye."

*

Laraba da yamma mashayar ta cika har bakin ƙofa. Staf ya shigo da buhunsa, ya ture kofunan da ke teburin shugabanni, ya zazzage firam ɗin a kai. Godelieve ta miƙe tsaye. Wuri ya kaure.

"Ta ji wuta ta fito da shi!" in ji wani daga baya.

"Rufe min baki, ko in faɗa wa matarka sawun wa nake gani a bayan gidan mai burodi!" in ji Staf. Ya zaro babbar sifana daga aljihun kwat. "A kududdufin tsibi na tsamo shi, ni, da shekaruna, ku kuna nan kuna fenti a ƙofar mutane. Wanda ya ɗauka ya so ya kwance kofin nan ya kasa. Ni hannuna ya tsufa. Pol, zo ka taimaka."

Pol ya kama sifana ya danna hagu. 'Yan ƙungiya suka fashe da dariya.

"Jakin banza! Dama ake yi!"

"Firam ɗin Thoelen ne, ba kwalbar giya ba!"

Staf ya karɓe ya miƙa wa ma'ajin ƙungiya, tsohon ɗan tsere. Ya saita, ya danna dama. Na kusa da shi ma dama. Kofi bai motsa ba.

"Duk ragwaye ne," in ji Staf. "Wannes, aikin ubanka ne. Kai ka fi kowa haƙƙi."

Wannes ya taso ba da son ransa ba. Ya ɗora sifana, ya dafe firam da hannu ɗaya, ya sa nauyinsa. Hagu.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ikon Allah," in ji Staf a hankali. "Pol jahili ne, hagu kawai ya sani, don haka tabon nan ba nasa ba ne. Waɗannan sun yi dama, don sun yarda keken Thoelen ne. Kai kuma, ɗan Miel Thoelen, da ka kwance kofi dubu goma dama tun kana ɗan shekara tara, yau ka yi hagu. Wa ya koya maka? Yaushe? Ranar Lahadi ne, bayan ka zura bututu ka yi ta murɗa dama har ƙarfen ya faɗa maka gaskiya?"

Sifana ta faɗi ƙasa. Fuskar Wannes ta yi ja har kunne.

"Ba sata na je yi ba!" Muryarsa ta fashe. "Kifin na gani. Babana duk firam ɗin da ya ƙera sai ya sa ɗan guntun tagulla mai sunansa a cikin gindin feda. So na yi in buɗe in gani da idona, in mayar, ba wanda ya sani. Ya ƙi kwancewa, na ce tsatsa ce. Na ƙara ƙarfi, na ce tsatsa ce. Sai da na ji yana ƙara ɗaurewa." Ya juya ga Staf kamar zai kai masa duka. "Hoton keken nan ne a saman shagona! Da shi na girma! Me kake so in yi, in bari a rataye shi a dandali kowa ya ga ubana maƙaryaci ne?"

"Sai ka bari a rataye ta ita?" Staf ya buga sanda a tebur har kofuna suka yi tsalle. "Ka tsaya a ƙofarta, ka ga abin da aka rubuta, ka ba ta zuwa Laraba! To ku buɗe kunne, tunda an kai ni bango. Ni na hau jirgin ƙasa kwana biyu na ɗauko firam ɗin nan daga hannun wani tsoho a Italiya, na dawo da shi a nannaɗe cikin bargo, ban iya ko gaisuwarsu ba. Miel ne ya aike ni. Ya san nasa sun yi nauyi a tudu, kuma ya fi son Lowie ya ci. Da hannunsa ya cike kifin, ya shafa fenti, ya rubuta sunansa. Lowie ya sa ni rantsuwa don kada Miel ya ji kunya. Yau na karya ta, kuma kai ka sa ni!"

Godelieve ta tako har gaban tebur. Ba ta kalli Wannes ba. "Nunzia, buɗe shi."

Nunzia ta ɗauki sifana, ta zura mata bututun da Marleen take tokare ƙofa da shi, maza biyu suka danne firam. Ta ja hagu, a hankali, ba fizga. Ƙarfen ya yi ƙara sau ɗaya ya saki. Ta zare kofin, ta karkata firam ɗin, sai ga wani abu ya faɗo kan tebur cikin busasshen giris. Guntun tagulla.

Staf ya zaro ido. Bayan tseren nasara Miel ne ya karɓi keken ya wanke ya ɗaure, ba a sake hawansa ba. Ashe a lokacin ya saka shi, wannan kam Staf bai san da shi ba.

"Akwai rubutu," in ji shi. "Wani ya karanta."

Godelieve ta tura wa Wannes. Ya goge da babban yatsa. Ya karanta a fili.

"Ba ni na ƙera ba. Fenti kawai na yi. Miel Thoelen."

Ya zauna a kujera ya rufe fuska da tafukansa.

Staf kuwa tsalle ne kawai bai yi ba. "Shekara hamsin! Shekara hamsin ina cije harshena, ni da ban taɓa iya yin shiru ba ko a coci, ashe tsohon banzan nan ya rubuta ya ajiye! Kuma a rubuce, don ya san ko na gani ba zan gane ba!"

*

Washegari da hantsi Wannes Thoelen yana durƙushe a ƙofar shagon Nunzia da bokiti da buroshin ƙarfe. Ba shi ya yi rubutun ba, amma Godelieve ta ce ko ya goge shi da hannunsa a gaban jama'a, ko ita ta tafi wurin 'yan sanda da ƙafarta. Masu wucewa duk sun sami abin kallo a ɗaya gefen titi.

A ciki Nunzia ta mayar da firam ɗin kan ƙugiya tana haɗa fenti. Ta leƙo ta tambayi Godelieve sunan wa za a rubuta a jiki.

"Na Lowie. Shi ya taka feda. Kifin kuma ki bar shi a waje, ya gaji da zama a rufe."

Staf ya sa an fito masa da kujera ya zauna daidai bayan Wannes, sanda a tsakanin gwiwoyi. Jan fentin yana ta zuba a ƙasa, har ya rage ɗan ɗigo a kusa da kwaɗo. Wannes ya ajiye buroshi zai miƙe.

Sandar ta sauka a kafaɗarsa.

"Koma. Ga saura can."

"Staf, ɗigo ne. Ba ya cewa komai."

"Kai ka yi makaranta, haruffa kake gani. Ni sawu nake gani. Goge."